Shekarun Ƙoshi da Shekarun Tsukewa: Tarihin Bashin Ƙasar Gabon

Unguwarmu Lalala tana kudancin birnin Libreville, a kan hanyar da ta nufi Owendo, inda tashar jiragen ruwa da tashar jirgin ƙasa suke. Saboda haka ba sai mun buɗe rediyo ba kafin mu san halin da baitulmalin gwamnati yake ciki. In akwai kuɗi, manyan motoci masu ɗauke da siminti da rodi ba su barin mutum ya yi barcin rana. In babu kuwa, sai hanya ta yi shiru, magina su zauna a bakin kantuna suna jiran mai kira, mata masu sayar da abinci su koma gida da rabin tukunya. Hausawa sun daɗe a ƙasar nan, tun zamanin Turawa suke fatauci a Oyem da Bitam, daga baya kuma waɗansu suka zo daga Nijeriya da Nijar da Kamaru neman abinci. Mafi yawansu Musulmi ne, mu masu bin Almasihu kaɗan ne a cikinsu, amma kasuwarmu ɗaya, wahalarmu ma ɗaya.

Sau uku cikin shekara arba'in gwamnatin Gabon ta yi shelar tsuke bakin aljihu, wato a 1978, da 1986, da 2017. Kowane karo dalilin da aka bayar ɗaya ne, cewa bashi ya yi wa ƙasa yawa, dole a rage kashe kuɗi domin a biya. Nufina a nan shi ne mu bi waɗannan karo uku ɗaya bayan ɗaya, mu ga ko tsukewar ta rage bashin, mu kuma ga wanda ya ɗauki nauyinta.

Yadda ake auna bashin ƙasa

Akwai abu uku da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin mu shiga tarihi. Na fari, ba a auna bashin ƙasa da yawan kuɗin kaɗai. Ana gwada shi ne da jimillar abin da ƙasar ta samar cikin shekara guda, wato noma da haƙar ma'adini da ciniki da aikin hannu da na ofis. A cikin wannan rubutu zan kira wannan jimilla amfanin ƙasa, kamar yadda muke cewa amfanin gona.

A ce wani manomi yana girbe buhu 100 a shekara, ana kuwa binsa buhu 60. Bashinsa kashi 60 cikin ɗari ke nan na amfaninsa. Domin ya biya, sai ya daina sayen taki, ya sallami 'yan ƙodago, ya sayar da sa guda cikin shanun huɗarsa. Da abin da ya tara ya biya buhu 6, saura 54. Amma da kaka ta yi, buhu 75 kaɗai ya samu. Yanzu bashinsa ya zama kashi 72 cikin ɗari na amfaninsa. Ya biya wani abu, ya sha wuya, duk da haka kayan sun ƙara masa nauyi.

Na biyu, kuɗin da gwamnati ta kashe abincin wani ne. Albashin malamin makaranta yana zuwa hannun mai gidan haya, daga nan ya shiga hannun mai sayar da kifi a kasuwar Lalala, ita kuma ta ba mai tasi, mai tasi ya ba bakanike. In aka yanke albashin, dukansu sun ji a jikinsu. Da ciniki ya ja baya, harajin da gwamnati take karɓa da kuɗin kwastan su ma sai su ragu. Ta haka wani sashi na abin da gwamnati ta tsimi ta ƙofar gaba yakan zurare ta ƙofar baya.

Na uku, Gabon ba ta da ikon buga kuɗi yadda ta ga dama. Sefar da muke kashewa ta ƙasashe shida ce na tsakiyar Afirka, babban bankinta yana Yawunde a Kamaru, darajarta kuma a ɗaure take da kuɗin Faransa, tun 1999 kuwa da yuro. Saboda haka in kuɗin shiga ya faɗi, hanya uku ce ta rage wa gwamnati: ta ci sabon bashi, ko ta yanke kashewa, ko ta ƙi biyan waɗanda suka yi mata aiki. Za mu ga ta bi dukan ukun.

Karo na fari: jirgin ƙasa da babban taro

Gabon ta sami mulkin kai daga Faransa ran 17 ga Agusta 1960. A lokacin katako ne babban abin da take sayarwa waje, musamman icen okume. An fara haƙar man fetur a kewayen Port-Gentil tun kafin mulkin kai, amma sai a 1973 da 1974, sa'ad da farashin mai ya riɓanya har sau huɗu a duniya, ƙasar ta ga kuɗin da ba ta taɓa mafarkinsa ba. Mutanenta kuwa a lokacin ba su kai miliyan ɗaya ba.

Shugaba Omar Bongo, wanda ya hau mulki a 1967 bayan rasuwar Léon Mba, ya ƙudura gina hanyar jirgin ƙasa daga Owendo zuwa Franceville, tafiyar fiye da kilomita 600 cikin kurmi da koguna, domin a fito da katako da ma'adinin manganis na Moanda. Bankin Duniya ya ƙi ba da rance, yana cewa aikin ba zai mayar da kuɗinsa ba. Aka fara aikin duk da haka a ƙarshen 1973. Da yake hannu ya yi kaɗan, sai aka buɗe ƙofa ga ma'aikata daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Kamaru, unguwanni irin tamu suka cika da baƙi.

Sa'an nan Gabon ta karɓi baƙuncin taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a watan Yuli 1977. Aka gina zaurukan taro da otal-otal da gidajen saukar shugabanni da sababbin tituna cikin gaggawa. Kuɗin mai bai isa ba, sai aka cika da rance daga bankunan Turai, mai tsadar ruwa da gajeren wa'adi. Baƙi suna tashi, masu bin bashi suka iso. A 1978 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda a Nijeriya ake kira IMF, a nan kuwa FMI. Aka tsai da ayyuka da yawa, kamfanonin gini suka sallami ma'aikata. Bisa ga lissafin Bankin Duniya, amfanin ƙasa ya ragu da wajen kashi 12 cikin ɗari a 1977, ya sake raguwa da wajen kashi 24 a 1978. A watan Yuli na 1978 ne kuma aka kori mutanen Jamhuriyar Binin wajen dubu goma. Faɗan siyasa tsakanin Bongo da Shugaba Kérékou ne ya jawo korar, amma ta zo daidai lokacin da aiki ya ƙare, baƙon da aka nema jiya ya zama kaya.

Bayan shekara biyu ko uku lissafin gwamnati ya daidaita, waɗansu suka ce tsukewa ce ta yi magani. Lalle ta taimaka, gama ta tsai da cin sabon bashi. Amma kada mu manta, a 1979 aka yi juyin juya hali a Iran, farashin mai ya sake riɓanya fiye da sau biyu. Girbi ne ya ƙaru, shi ya sa kayan suka yi sauƙi. Da yake sauƙin ya zo da wuri, sai aka koma kashewa kamar dā.

Karo na biyu: 1986 da abin da ya biyo baya

A 1985 ana sayar da gangar mai wajen dalar Amurka 27. A tsakiyar 1986 ta faɗi har ƙasa da dala 10. A watan Disamba na wannan shekara jirgin ƙasa ya isa Franceville bayan aikin shekara 13, a cikin watan nan kuma gwamnati ta sake sa hannu da IMF. Aka zaftare kuɗin ayyukan raya ƙasa ƙwarai, aka rage alawus na ma'aikata, aka taƙaita ɗaukar sababbi. A 1987 amfanin ƙasa ya ragu da wajen kashi 17 cikin ɗari.

Bashin kuwa bai tafi ba. A watan Janairu 1987 Gabon ta je gaban ƙungiyar gwamnatoci masu bin bashi da take zama a birnin Paris, ta roƙi a ɗage mata lokacin biya. Ɗagewa ba yafewa ba ce. Abin da ba a biya bana ba, akan tura shi gaba da sabon ruwa a kansa, wani lokaci ma a haɗa tsohon ruwan da uwar kuɗin. Tsakanin 1987 da 2004 sau takwas Gabon ta koma Paris a kan wannan roƙo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa shekara goma sha bakwai na matsi ba su sauke kayan ba.

Haƙurin jama'a ya ƙare a 1990. A watan Janairu ɗaliban Jami'ar Omar Bongo suka yi bore a kan lalacewar makarantarsu, ma'aikata suka bi su da yajin aiki iri iri. Gwamnati ta kira babban taron ƙasa a watannin Maris da Afrilu, aka kuwa ba Bishop na Oyem, Basile Mvé Engone, shugabancin taron. Daga nan aka bar mulkin jam'iyya ɗaya. A watan Mayu aka tsinci gawar ɗan adawa Joseph Rendjambé a wani otal a Libreville, tarzoma ta tashi a Port-Gentil har sojojin Faransa suka shigo. Domin a kwantar da yajin aiki, gwamnati ta yi wa ƙungiyoyin ma'aikata ƙarin kuɗi, ta haka wani sashi na abin da aka tara cikin shekara uku na wahala ya tafi cikin 'yan watanni.

Masu karatu na gida za su gane wannan labari, gama sun sha irinsa. A Nijeriya gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, ta kori baƙi a farkon 1983. Janar Babangida ya kawo shirin SAP a 1986, aka yi tarzoma a kansa a 1989. A Nijar, bayan faɗuwar farashin yuraniyam, matsi ya kai ga makarantu, har aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990. Tun a 1987 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya yi gargaɗi cewa irin waɗannan shirye-shirye suna cin lafiyar yara da karatunsu.

Karya darajar sefa da korar baƙi

A watan Janairu 1994 shugabannin ƙasashe masu kashe sefa suka taru a Dakar tare da wakilan Faransa da na IMF, aka karya darajar kuɗin da rabi. Dā sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, yanzu sai 100. Wannan ma tsukewa ce, ko da yake ba a taɓa takardar albashin kowa ba. Gabon tana sayo mafi yawan abincinta daga waje, don haka shinkafa da fulawa da madara da magani suka yi tashin gwauron zabi. A wannan shekara tsadar kaya ta ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari, aka yi yajin aiki da tarzoma a Libreville a watan Fabrairu.

Ga baitulmali kuwa abin ya zo da fuska biyu. Bashin waje, in an lissafta shi da sefa, ya riɓanya dare ɗaya. Amma kuɗin mai, da yake da dalar Amurka ake biyansa, shi ma ya riɓanya, alhali albashi bai riɓanya ba. Wato mai albashi da mai sayen shinkafa su ne suka cika giɓin. A 1995 kuma aka shigo da sabon haraji a kan kayan saye, wanda ake kira TVA, kashi 18 cikin ɗari.

Sai aka juyo kan baƙi. Aka kafa doka cewa kowane baƙo ya yanki takardar zama mai tsada kafin wa'adi a farkon 1995, in ba haka ba ya fita. Kimanin mutum 55,000 suka bar ƙasar. Dattawanmu a Lalala har yau suna ba da labarin yadda maƙwabta suka sayar da keken ɗinki da gadaje da kayan kanti a kan kuɗin banza, suka kwana a bakin ruwa da 'ya'yansu suna jiran jirgi. Tafiyarsu ba ta rage bashin ƙasa da ko sefa ɗaya ba. Masu gidajen haya sun rasa 'yan haya, kasuwa kuma ta rasa masu saye da masu sayarwa.

Bayan haka aka shiga miƙa kamfanonin gwamnati ga 'yan kasuwa. Kamfanin ruwa da lantarki, SEEG, an ba wani kamfanin Faransa riƙonsa a 1997, jirgin ƙasa ya bi a 1999. Air Gabon ya rushe a 2006, aka sayar da fiye da rabin Gabon Télécom ga kamfanin Maroko a 2007. Amfanin ƙasa ya ƙaru a tsakiyar shekarun 1990, amma babban dalili shi ne rijiyoyin Rabi-Kounga da suka fara ba da mai a 1989, har haƙar ta kai wajen ganga 370,000 a rana a 1997. Da farashi ya sake faɗuwa a 1998, amfanin ƙasa ya ragu da wajen kashi 9 a 1999.

A waɗannan shekaru ne ikkilisiyoyin duniya suka tashi da kiran a yafe wa matalautan ƙasashe bashi domin cikar shekara ta 2000, bisa ga koyarwar shekarar 'yanci da take cikin Littafin Firistoci sura 25. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya goyi bayan kiran. Nijar ta sami sassauci a 2004, Nijeriya kuma aka yafe mata dalar Amurka biliyan 18 a yarjejeniyar 2005. Gabon ba ta shiga shirin matalautan ƙasashe ba, domin in aka raba kuɗin mai da yawan jama'a a kan takarda, sai ta fito cikin masu matsakaicin hali. Mai zama a kwarin da ruwa yake ci kowace damina bai taɓa ganin rabonsa na wannan lissafi ba.

Lokacin da bashi ya sauka da gaske

Sau ɗaya cikin wannan tarihi bashin Gabon ya yi babbar sauka, ba kuwa a shekarun matsi ba ne. Daga 2003 farashin mai ya yi ta hawa har ya wuce dala 140 a tsakiyar 2008. A 2007 masu bin bashi na Paris suka yarda Gabon ta fanshi bashinta tun wa'adi bai yi ba, da rangwamen kashi 15 cikin ɗari. Gwamnati ta haɗa kuɗin da ta tara da rancen dala biliyan ɗaya da ta karɓa a kasuwar duniya a watan Disamba 2007, ta biya. Bashin da ya haura kashi 60 na amfanin ƙasa a farkon shekarun 2000 ya sauko wajen kashi 20 a 2008. Ba a rufe asibiti ba, ba a kori kowa ba. An biya ne lokacin da rumbu yake cike.

Karo na uku: daga 2014

Omar Bongo ya rasu a watan Yuni 2009, ɗansa Ali Bongo ya gaje shi. Sabuwar gwamnati ta shiga manyan ayyuka: tituna, da unguwar masana'antu ta Nkok, da filayen wasa domin gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda Gabon ta karɓa a 2012 tare da Gini Ikwatoriya, ta sake karɓa ita kaɗai a 2017. Amfanin ƙasa yana ƙaruwa da wajen kashi 5 zuwa 7 kowace shekara. Sai dai, ko da yake gangar mai tana sama da dala 100, ana ta cin sabon bashi. Akwai asusun ajiya domin 'yan baya wanda aka kafa tun 1998, amma abin da aka zuba a ciki bai kai ya tare ƙasa a ranar wahala ba.

Farashi ya fara faɗuwa a tsakiyar 2014, ya kai ƙasa da dala 30 a Janairu 2016. A ƙarshen 2016 bashi ya haura kashi 60. Ran 23 ga Disamba 2016 shugabannin tsakiyar Afirka suka taru a Yawunde da shugabar IMF, Christine Lagarde, suka ƙi sake karya sefa, suka yarda kowa ya tsuke. A watan Yuni 2017 IMF ta amince wa Gabon rancen dala miliyan 642 na shekara uku. A watan Yuni 2018 gwamnati ta sanar da dakatar da ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma na shekara uku, da rage ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, da yanke wani kashi na albashin manya, da binciken masu karɓar albashi ba su aiki. A watan Afrilu 2019 'yan makarantun sakandare suka cika tituna saboda an tsananta sharuɗɗan samun tallafin karatu.

Wannan karo na gani da idona. Akwai wani magini a ikkilisiyarmu, mai 'ya'ya biyar, wanda ya yi wata bakwai yana zuwa wurin aiki ba a biya shi ba, domin ɗan kwangilar da ya ɗauke shi shi ma ba a biya shi ba. Ya fitar da 'ya'yansa biyu daga makaranta, adashin da matarsa take ciki ya watse, zumuntar mata ce ta riƙa kai musu awo. Baikon Lahadi ya ragu a daidai lokacin da masu ƙwanƙwasa ƙofar ikkilisiya suka ƙaru. Irin wannan bashi na cikin gida, da ake riƙe wa 'yan kwangila, ba ya fitowa sosai a jawabin manya, amma shi ne yake kashe ƙananan kamfanoni.

Me aka samu? A 2017 da 2018 ƙaruwar amfanin ƙasa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali jama'a suna ƙaruwa fiye da haka. Giɓin kasafin kuɗi ya ragu, wannan gaskiya ne. Bashi kuwa ya tsaya a wajen kashi 60 har 2019, da annobar korona ta zo a 2020 sai ya haura kashi 75. Binciken 2017 ya nuna mutum ɗaya cikin uku a ƙasar nan yana cikin talauci. Aka sake komawa IMF a watan Yuli 2021. Ran 30 ga Agusta 2023 sojoji suka kau da Ali Bongo, Janar Brice Oligui Nguema ya karɓi mulki, aka kuma zaɓe shi shugaban ƙasa a watan Afrilu 2025. Gwamnatinsa ta riƙon ƙwarya ta sake buɗe hannu wajen ayyuka da ɗaukar ma'aikata, jama'a suka yi murna, amma a 2024 bashi yana sama da kashi 70, iyakar da ƙasashen tsakiyar Afirka suka sa wa kansu.

Shaida daga Turai

Kada a ce wannan ciwon Afirka ne kaɗai. Ƙasar Girka ta shiga matsanancin tsukewa a 2010 bisa ga sharuɗɗan masu ba ta rance. Cikin 'yan shekaru amfanin ƙasarta ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, bashinta kuwa ya tashi daga wajen kashi 127 a 2009 zuwa wajen kashi 180 a 2014. Labarin manominmu ke nan. A watan Janairu 2013 babban masanin tattalin arziki na IMF, Olivier Blanchard, da abokin aikinsa Daniel Leigh suka wallafa bincike, suka yarda cewa masu hasashe sun raina irin ɓarnar da yanke kashewa yake yi wa ƙasa sa'ad da take cikin rauni.

Abin da tarihin nan yake koya mana

Ba na cewa gwamnati ta yi ta kashewa ba lissafi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya ci dole ya biya, in kuwa baitulmali ya bushe babu makawa sai an rage wani abu. Abin da tarihin Gabon ya nuna shi ne, lokacin tsukewa da wurin da aka yanka su ne suke raba magani da dafi. Tsukewar 1986 da ta 2017 an yi su ne bayan farashi ya riga ya faɗi, sai suka ƙara wa ƙasa rauni, bashi bai sauka yadda aka yi alkawari ba. Biyan 2007 an yi shi lokacin yalwa, ya kuwa sauka. Haka nan cire sunan wanda ba ya aiki daga takardar albashi, ko rage jerin motocin manya, ba ya rage girbin ƙasa. Barin titi ya lalace, da hana asibiti magani, da ƙin ɗaukar malamai, da riƙe hakkin magini, waɗannan su ne sayar da san huɗa.

Mu da muke koyar da Littafi Mai Tsarki mun san wannan tun daga Farawa sura 41. Yusufu ya shawarci Fir'auna a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na hatsi a shekara bakwai na ƙoshi, a adana. Da yunwa ta zo sai aka buɗe rumbuna. Wato an tsuke ne lokacin da akwai, aka saki hannu lokacin da babu. Gwamnatocinmu sun juya wannan tsari, suna sakin hannu da ƙoshi, suna tsukewa da yunwa. A sura 47 kuma mun ga ƙarshen waɗanda ba su da ajiyar kansu: sun ba da kuɗinsu, da dabbobinsu, da gonakinsu, daga bisani suka ba da kansu.

Saboda haka, 'yan'uwa, ranar da ya kamata mu fi sa ido a kan masu mulki ita ce ranar da kuɗi ya yi yawa, sa'ad da ake aza harsashin manyan gine-gine kowa yana tafi. A ranar ne za mu tambaya nawa aka ajiye, nawa aka ranto, da wane ruwa, wa kuma zai biya. In ranar tsukewa ta zo, wajibin ikkilisiya ne ta yi magana domin gwauruwa da maraya da ɗan ƙodago da baƙo, gama mun ga su ake fara yankewa. Majalisun ikkilisiyoyinmu ma su duba kansu, kada mu kashe dukan baikon shekarar albarka a kan gini mu bar asusun taimako fanko. Haka kowane magidanci a gidansa. Ubangiji ya ba shugabannin ƙasashenmu hikima da tsoronsa, ya kuma ba mu abincin yini.